Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Jami'ar André Salifou ta Damagaram: a shimfiɗa wa gatana tabarma a jami'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, tare da malaman da ke ƙarƙashinka, Allah ya gafarta muku. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da ɗalibai, ni tsohon majo ne, wato ma'aikacin jinya, haifaffen Birni. Na yi shekara 32 ina aikin likita a ƙauyuka da garuruwan jihar nan kafin in ajiye farar riga. Ban yi karatun jami'a ba, kuma na san ruwa ba sa'an kwando ba ne. Amma akwai wata buƙata da na daɗe ina ɗauke da ita a ƙirji, na ga gara in faɗe ta a bainar jama'a tun ina da sauran numfashi, ko Allah zai sa wani ya taya ni roƙo.

Buƙatar ita ce ku buɗe wani zaure a jami'a inda za a riƙa gayyato tsofaffinmu, Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani da Tubawa da duk wanda Damagaram ta riƙe, su yi gatana da labarin rayuwarsu da harshen da suka sha a nono. Sannan duk ɗalibin da zai fita ya yi aiki da mutane, ko likita, ko malamin lakwal, wato makarantar boko, ko mai aikin jin ƙai, a sa shi ya zauna a wannan zaure kafin a miƙa masa takardar shaida. Bari in faɗi abin da ya kai ni ga wannan tunani.

Shekarata ta biyu da fara aiki, aka tura ni wani ƙaramin gidan likita a Damargu, arewa da nan. Wata ranar kasuwa wata tsohuwar Bafillata ta shigo da yaro a goye, bai kai shekara biyu ba, ƙyanda ta fito masa, jikinsa zafi rau. Bayanta wata yarinya ce da ba ta wuce shekara 17 ba, ta tsaya can bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Na tambayi uwar yaron, tsohuwa ta nuna ta da haɓa. Na ce wa yarinyar ta matso, ta matso taku ɗaya. Na ce mene ne sunansa, ta yi shiru. Na ce tun yaushe ya fara zazzaɓi, ta dubi tsohuwar. Na ce ba ɗanki ba ne? Ta ce, da 'yar Hausarta, na gidanmu ne. Raina ya ɓaci. Na yi mata faɗa a gaban mutane, na ce wace irin uwa ce ɗanta na shirin mutuwa ita ko a jikinta. Na rubuta a rajista da Faransanci cewa uwar ba ta kula da yaron.

Da dare ni ke gadi. Wajen ƙarfe biyu na fito zagaye, sai na hango hasken fitilar ƙwai a ɗakin da aka kwantar da su. Tsohuwa ta yi barci. Yarinyar tana durƙushe, ta ɗora ƙafafun yaron a cinyarta, tana jiƙa gefen zanenta cikin ƙwarya tana shafa masa a tafin ƙafa da goshi, tana yi masa wata waƙa ƙasa-ƙasa da Fillanci, hawaye na ɗiga a kan hannunta. Da ta ji takuna, ta yi wuf ta sauke shi, ta koma jikin bango ta juya baya kamar ba ita ba.

Da safe na ba mai sharar gidan labari, wani dattijo Babarbare. Ya dube ni ya ce, majo, ɗan fari ne fa. Maganar ta soke ni, domin ni kaina mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, sai dai ta ce wannan yaron. Na san kunyar ɗan fari tun ina rarrafe. Amma da na sa farar riga, na riƙe rajistar Faransanci, sai abin da na sani a gida ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo tare da ni ba. Ga shi kuma abin da Fulani ke kira semteende ya fi namu zurfi, har ya kai ga mutum ba ya nuna yunwa, ba ya nuna ciwo, ba ya nuna so a gaban idon mutane. Babu wanda ya koya mini wannan a makarantar aikin likita. An koya mini allura da awo da sunan cuta. Yaron ya warke, alhamdulillahi, amma abin da na rubuta a kan uwarsa yana nan a wata tsohuwar rajista, kuma ƙarya ce.

Bayan na yi ritaya ne, ta hanyar wata 'yata da ke karatu, na san cewa wannan kuskure nawa yana da fannin ilimi sukutum da ke bincikensa, wato ilimin halayyar ɗan Adam mai kwatanta al'umma da al'umma. Ku kun fi ni saninsa, amma ina so masu karanta wannan wasiƙa su ji. A 2010 wasu masana uku, Joseph Henrich da Steven Heine da Ara Norenzayan, suka ja hankalin duniya ga wani lissafi: cikin mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, kashi 96 cikin 100 daga ƙasashen Yamma masu arziki suka fito, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 cikin 100 ne kawai na mutanen duniya. Ke nan abin da littafi ke kira halin ɗan Adam, mafi yawansa halin ɗalibin Amurka ne ko na Turai. Da wannan mudu ake zuwa a auna Bafillatar Damargu.

Akwai wani labari daga Laberiya da nake yawan ba matasa. Masu bincike, cikinsu har da Joseph Glick, suka ajiye wa manoman ƙabilar Kpelle kaya guda 20, abinci da kayan aiki da tufafi da mazubai, suka ce su kasa su kashi-kashi. Manoman suka haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, domin da wuƙa ake yanka lemo, da fartanya ake tono dankali. A awon masu binciken wannan alamar ƙarancin tunani ce, don su suna jiran a ware abinci gefe guda, kayan aiki gefe guda. Manoman suna ta cewa ai haka mai hankali zai yi. Daga ƙarshe aka tambaye su, to yaya wawa zai yi? Nan take suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, daidai yadda littafi ke so. Ranka ya daɗe, yara nawa ne a lakwal ɗin karkararmu aka yanke wa hukuncin daƙiƙanci da irin wannan awo? Yaron da aka yi wa tarbiyya kada ya dubi babba ido cikin ido, kada ya riga babba magana, sai mushe, wato malaminsa, ya ce ba shi da kai.

Abu na biyu da na gani da idona ya fi wannan nauyi. Kowa a jihar nan ya tuna watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance. Daga ƙarshen 2014 aka fara maido da mutanenmu daga Aljeriya mota-mota. Wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin tafinta na ɗan lokaci, ina tambayar matan da suka dawo da wata takardar tambayoyi da aka fassaro daga Faransanci. Tambayar ta ce: cikin sati biyu da suka wuce, sau nawa kika ji baƙin ciki? Mace ta ce, sai godiya. Kina samun barci? Alhamdulillahi. Kina jin rayuwa ba ta da amfani? Ta ce subhanallahi, wa zai faɗi haka? Na yi wa mata fiye da ashirin a yini guda, takarda ta nuna kusan dukansu lafiya lau. Ni kuwa ina ganin idanunsu.

Ba ƙarya suka yi ba. Wace Bahaushiya ce za ta zauna gaban baƙon namiji, sa'an ubanta, ta ce masa rayuwa ba ta da amfani? Wannan butulci ne ga Ubangiji a wurinta, kuma tonon asiri ne. Mu ba mu ƙirga baƙin ciki da sati. Cewa muke yi gabana na faɗuwa, abu ya tokare mini ƙirji, tunani ya yi mini yawa, kaina na ɗaukar zafi, zuciyata ta tsinke. Ko waɗannan ma ba kowa ake faɗa wa ba.

Da almuru, bayan an ci tuwo, wata tsohuwa cikinsu ta tara yara don su bar kuka. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, suka ce ta zo mu ji ta. Ta ɗauko gatanar marainiyar nan da kishiyar uwa ta aika ta wanki wani ruwa mai nisa, tana tafe tana waƙa, duk ruwan da ta tarar ta tambaye shi ko shi ne, ya ce ba shi ba ne, ta yi gaba. Matan suka fara matsowa. Da aka zo inda yarinyar ta isa ruwan, sai wata mata da na yi wa tambayoyi da hantsi, wadda ta ce mini sai godiya har sau shida, ta ce a hankali: ita dai ta samu ruwa. Wurin ya yi tsit. Daga nan ta fara. Ta faɗi sunan ɗiyarta, da shekarunta, da yadda leɓɓanta suka bushe a hanya, da inda suka tona yashi da hannu suka rufe ta. Wata ta karɓa da nata. Har aka yi kiran assalatu ba su tashi ba. Ni ina can gefe a kan benci, takarduna a cikin jaka, babu gurbin da zan rubuta ko kalma ɗaya daga abin da na ji.

Wannan ba sabon abu ba ne a Afirka, kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara kwantar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowane majinyaci tare da ɗan'uwansa, maimakon a kulle su bayan katanga. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa 'yan Senegal sun riƙa tara majinyata da dangi da ma'aikata a fili ɗaya ana magana kamar a dandalin ƙauye. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata, suka zauna a kan benci a harabar gidajen likita suna sauraron masu damuwa, da kalmar da mutanen Shona suka sani, kufungisisa, wato yawan tunani. An gwada aikin nasu da awon kimiyya, aka buga sakamakon a 2016, ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi. Kakanni kuwa muna da su a kowane lungu na Birni da Garin Malam.

Amma ba don majinyata kaɗai nake wannan roƙo ba. Don garin ne baki ɗaya. Damagaram tun asalinta mahaɗa ce. Gidan sarauta yana da jibi da Barno, shi ya sa har gobe muke da Ciroma da Kaigama da Yarima. Zango kuwa sunansa ya faɗi aikinsa, nan ayarin Abzinawa ke sauka da gishirin Bilma da dabino, nan fataken Larabawa daga Tarabulus da Gadamus suka yi gidaje a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Nan ne babban birnin ƙasar har 1926 da Nasara ya maida shi Yamai. Daga Fabrairun 2015, da aka kai hari Bosso da Diffa, 'yan'uwanmu na gabas suka kwararo nan da 'ya'yansu. Ga 'yan kasuwa Yarbawa da Inyamurai, ga ma'aikata Zabarmawa, ga 'yan Sin da matatar mai ta kawo tun 2011. A layin famfo guda, lokacin zafi da ruwa ke wuya, za ka ji harshe huɗu kafin jarkarka ta cika.

Na daɗe ina ɗaukar wannan cuɗanya a matsayin sanin juna, sai ranar Juma'a 16 ga Janairu, 2015 ta nuna mini kuskurena. Ni ma zanen ɓatancin da jaridar nan ta Faransa ta yi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙona mini rai, kuma har yau yana ƙona mini. Amma abin da ya biyo bayan sallar Juma'a a garin nan, aka ƙona coci-coci, aka ƙona cibiyar al'adu da ɗakin karatunta, aka rasa rayuka, ya faɗa a kan mutanen da ba su zana komai ba. Ina da maƙwabci Kirista, shekara 20 muna katanga ɗaya. Naman layyata na shiga gidansa, abincin Kirsimetinsa na shigowa nawa. Daren nan shi da iyalinsa a ɗakin uwargidana suka kwana. Muna zaune a zaure babu mai iya barci, sai ya fara ba ni labarin yadda mahaifinsa ya zo Damagaram yana saurayi, aikin da ya yi, inda aka binne shi, da abin da kakarsa ke faɗa musu da dare a can garinsu na asali. Shekara 20, ban san ko ɗaya ba. Na san sunan 'ya'yansa, na san irin miyar da suke so, ban san labarinsa ba. To ina ga yaron da ya ɗauko galan ɗin fetur, wanda ko gaisawa bai taɓa yi da shi ba? Yaran nan namu ne, a fadojin unguwanninmu suke shan shayi, wasunsu ni na yi musu allurar rigakafi suna goye.

Masanin nan Gordon Allport ya rubuta tun 1954 cewa haɗuwa kawai ba ta kashe ƙyama. Sai an haɗu a matsayi ɗaya, ana aiki tare don buri ɗaya, kuma hukuma ko manya sun sa albarka. A kasuwar Dole muna haɗuwa kullum, amma ɗaya mai saye ne ɗaya mai sayarwa. A gidan likita ɗaya na tsaye da farar riga, ɗaya na kwance. A tabarmar gatana kuwa, wanda ke magana shi ne babba, ko da da rana shi ke tura kurar ruwa, kuma farfesa ma sai ya ce ta zo mu ji ta.

Wani zai ce ai muna da wasan taubashi, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce. Na sha ganin rigimar gona ta mutu a bakin Babarbare da Bafillace da zolaya guda. Sai dai wasan yana da iyaka. Bafillace na da Babarbare, Bazabarme na da Buzu da Bagobiri. Wane ne taubashin Kiristan da ya zo daga Binin? Wane ne taubashin mutumin Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, wadda har yau jikokinsu ke ɗauke da tabon sunanta? Kuma zolaya tana sanyaya rai, amma ba ta gaya maka dalilin da ya sa Buzu ke ja amawali ya rufe baki idan surukinsa ya shigo, ko abin da yake nufi da ashak idan ya ƙi roƙo yunwa na cinsa. Wannan sai a labari. Wanda ya saurari labaran Aligurran da ɗan 'yar'uwarsa, yadda kawu da ɗa ke gwada wayon juna, zai gane nauyin dangin uwa a wurin Abzinawa fiye da yadda lacca za ta gaya masa. Wanda ya lura cewa mu Gizo ne gwanin wayonmu, mai tsamin baki da haɗama, a wurin Buzaye dila ne, a wurin Fulani da Zabarmawa zomo ne, kura kuwa kowa ya yarda ita ce sakarya, zai fara tambayar wane irin wayo kowace al'umma ke yafewa, wane iri take hukuntawa.

Ga inda nake roƙon ku sa basirarku, domin ɗaukar murya a ajiye a kwamfuta bai isa ba. Cibiyar CELHTO da ke Yamai tana tattara adabin baka tun 1968, kuma aiki ne mai daraja, amma faifai ba ya gyara wa mai sauraro kuskure. A 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya buga wani gwaji: ya ba Ingilishi wata tatsuniya ta 'yan asalin Amurka ta Arewa, ya sa su maimaita ta bayan lokaci. Kwalekwale ya koma jirgin ruwa irin nasu, farautar dabbar teku ta koma kamun kifi, fatalwar da ke tsakiyar labarin ta yi ta ƙanƙancewa har wasu suka yar da ita. Kowa ya sassaƙe labarin ya yi daidai da kansa, kuma bai san ya yi ba. Haka kunnen ɗan Adam yake. Saboda haka abin da nake gani shi ne, idan tsohuwar Batuba ta yi gatana yau, mako mai zuwa ɗalibi Bahaushe ya maimaita ta a gabanta, ita kuma ta tsayar da shi duk inda ya yar da wani abu ko ya ƙara nasa. Ta ce a'a ɗana, ba tsoro ya sa ya tafi ba, kunya ce. Abin da ɗalibin ya yar ɗin nan, shi ne darasin ranar. Da an yi mini haka sau uku kafin a tura ni Damargu, da ban yi wa yarinyar nan faɗa ba.

Kada kuma a tace. Tatsuniyoyinmu suna da ƙaya. Akwai waɗanda ke maida Bafillace wawa, Buzu ɓarawo, Bamaguje jahili, kuturu da makaho abin dariya, bawa kamar dabba. Na tabbata su ma suna da nasu a kanmu, kuma ina so in ji su. A kawo su kan tabarma, a bar wanda aka yi dominsa ya faɗi yadda ya ji ranar da aka fara yi masa ita a filin lakwal. Garin nan ya ci arzikin cinikin bayi a ƙarni na 19, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, marigayi André Salifou da jami'arku ke ɗauke da sunansa ya yi bincikensa a kan tarihin Damagaram na wannan ƙarni. Akwai gidajen da har yau ake hana aure saboda abin da ya faru ga kakan kaka. Zauren da ba a iya faɗar wannan a cikinsa ba zai yi amfani ba.

Kuma mu ne ya kamata mu riga kowa, domin ɗanmu ya riga kowa. Dorugu yaro ne daga Dambanas a ƙasar Kance, ƙasar matan da na ambata. An kama shi bawa yana ƙarami, Bature Overweg ya 'yanta shi, bayan rasuwar Overweg ya bi Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Tare suka ratso Damagaram a ƙarshen 1852, suka kai Tumbutu, a 1855 suka isa Ingila. Can ya zauna da wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya yi ta ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa da Hausa, har da yadda ya ga Ingilishi suna zama cin abinci, yana kallonsu da idon ɗan Kance kamar yadda su ke kallonmu. An buga maganarsa a littafin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Turawa da yawa da bakin yaron nan suka koyi Hausa. Ɗalibai nawa ne a jami'arku suka san sunansa?

Akwai wani nauyi kuma da ya hau kanmu kwanan nan. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Na yi murna, kamar kowane Bahaushe. Amma mai rinjaye yana da wata cuta, ita ce zaton kowa ya fahimce shi, shi kuwa ba sai ya fahimci kowa ba. Babarbare na jin Hausa, Buzu na ji, Batube na ji. Mu nawa ne muka iya gaisuwar safe da harshensu? Idan muka karɓi wannan girma ba mu buɗe kunne ba, abin da Faransanci ya yi mini a Damargu shi Hausa za ta yi wa wasu.

Ba na so in yi muku alkawarin da ya wuce gaskiya. A Ruwanda, inda rediyo ya taimaka wajen hura wutar kisan 1994, an fara wani wasan kwaikwayo na rediyo a 2004 a kan ƙauyuka biyu masu gaba. Wata mai bincike, Elizabeth Paluck, ta bi masu sauraro shekara guda. Ta tarar abin da mutum ya ƙudurta a zuciyarsa bai cika sauyawa ba, amma abin da yake ganin jama'a sun yarda da shi ya sauya, haka ma halinsa a cikin taro: sun fi yarda a yi auratayya, sun fi iya faɗar saɓanin ra'ayi a fili. Ni wannan ya ishe ni. Ranar 16 ga Janairu ba zuciyar kowa nake buƙatar ta sauya ba. Da an samu yara biyar a kowace fada da za su ce wa abokansu gidan wane ne fa, mun san shi, da wani abin bai faru ba.

Na san wasu malamanmu na addini za su ce gatana ƙarya ce, ɓata lokaci ce. Ina girmama su, amma gatana ba ta taɓa yaudarar kowa ba. Ita da kanta take rufewa da ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. A gayyace su su ma, su zo da ƙissoshin annabawa da labaran waliyyai da na almajirancinsu, yadda suka yi gabas da allo a hannu. Fasto ma ya zo da nasa. Garin da ya iya wasan kara, inda talaka ke shiga rigar gwamna da ta minista ya kwaikwayi tafiyarsu manya na kallo suna dariya, ba sai an koya masa shiga fatar wani ba.

Kuɗin da abin ke ci kaɗan ne: tabarmi, shayi, salula mai ɗaukar murya, da kuɗin kabu-kabun da zai ɗauko tsofaffi ya maida su. Sai dai a ba su haƙƙinsu kamar yadda ake ba kowane malami da aka gayyato, a rubuta sunan kowace a kan abin da ta bayar idan ta yarda, a kai wa iyalinta kwafi. Mun gaji da ganin an zo an kwashi maganar tsoho an tafi da ita, jikansa ko labari. A yi zaman bayan sallar isha'i, domin tsofaffinmu ba za su yi gatana da rana ba, sun ce mai yi ɓata yake yi. A nemi albarkar Mai Martaba Sarkin Damagaram, Allah ya ja zamaninsa, don idan masu unguwanni suka yi kira babu tsohuwar da za ta ƙi fitowa, kuma babu mijin da zai hana. Gidajen rediyon garin nan za su so su watsa. 'Yan fadar shayi da 'yan fale kuwa, wato gungun samarin unguwa, kada a bar su a waje, a ba su riƙon salula da haɗa shayi, daga baya a ba su tabarmar su faɗi nasu, don su ma suna da labarin da babu wanda ya taɓa tambayarsu.

A Zango akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 80, uwarta Buzuwa, ubanta Babarbare, ta yi aure a gidan Hausawa. Tana gatana da harshe uku, kuma takan gaya maka inda labari ɗaya ya rabu idan ya shiga kowane harshe. Tun sanyin bara take kwance, muryarta na raguwa. Na ɗauki goma sha ɗaya daga bakinta a salulata, ta ce akwai sauran da yawa, amma ba na jin Buzanci, kuma ban san yadda ake adana irin wannan don kada ya ɓace ba. Na nemi izininta da na 'ya'yanta, sun yarda. Idan za ku ba ni ɗalibai biyu, ɗaya mai jin Buzanci ɗaya mai jin Barbarci, zan kai su gidanta ranar Alhamis bayan an tashi kasuwa. Zan kawo wannan wasiƙa da hannuna ofishinku, da lambata a jiki.

Allah ya taimaki Shugaba, ya ƙara wa jami'a albarka.

Wassalam.

Naku,
Tsohon majo, unguwar Birni, Damagaram.